Ƙafafun Gidan Ermete

Mijin yayata Nerina, wato Ermete Zanforlin, ban taɓa ganin farcensa da fari ba. Ko ranar aurensu a coci, da ya miƙa hannu zai sa mata zobe, sai da mahaifiyarmu ta kau da kai, don baƙin giris yana nan kwance a gindin kowane farce. An wanke da sabulu, an wanke da toka, an murza da lemun tsami, ya ƙi fita. Ni na laƙaba masa suna Sarkin Giris tun ina yarinya mai bakin tsiya, sunan kuma ya bi shi har kabari.

Mu 'yan lilo ne, kaka da kakanni. Ana gama bikin Ista muke barin garinmu Bergantino da ke Italiya, mu bi bukukuwan waliyyai gari gari, yau Adria, wani makon Legnago, ba mu dawowa sai hazo ya rufe kogin Po. Ermete lilon dawakan katako ya gada wajen ubansa. Ni kuwa rumfar alawar auduga ce sana'ata, shi ya sa in na ce masa Sarkin Giris sai ya ce da ni uwar ƙudaje. Gidan su Ermete doguwar tirela ce mai tagogi da labule, gado yana can sama a hancinta, daidai inda take hawa faifan ƙarfen da ke bayan kan mota. Idan aka iso gari aka zare kan motar, ba abin da ke riƙe da gidan sai tayoyin baya da ƙafafunsa huɗu na ƙarfe, manya biyu a gaba, ƙanana biyu a baya, kowacce da inda ake zura mata hannu a murɗa, ta sauka ko ta hau. Waɗannan ƙafafu su ne ibadar Ermete. Coci sai Nerina ta ja shi, amma ƙafafu ba ya jira a tuna masa.

Abin yana da asali. Yana saurayi, suka iso Adria ranar kasuwa, ashe ƙafar dama ta gidan ubansa ta ci tsatsa ta ciki ba wanda ya sani. Ana zare kan mota, zaren ƙarfen da ke cikinta, wanda ake murɗawa, ya zame, gidan ya kife da hanci a tsakiyar dandali. Ba wanda ya ji ciwo, amma tangaran ɗin uwarsa gaba ɗaya ya tarwatse, tukunyar miya ta biyo matakala, zaunannu kuwa, masu kwana a gidan bulo, suka taru suna ƙyaƙyata dariya, sun sami wasa kyauta. Faranti ɗaya tak ya tsira, mai ɗan zurfi, mai shuɗin layi a baki. Ermete ya taɓa gaya mini bai manta fuskar ubansa a ranar ba, yana tsaye da hula a hannu ya rasa inda zai sa idonsa. Tun daga ranar ya ɗauki famfon giris.

Na ga yadda yake aikin nan har na haddace, ba don ina so ba. Ba ya yarda a yi wa ƙafa giris tana ɗauke da kaya. Sai kan mota ya shiga ƙarƙashi ya karɓi nauyin tukuna. Farko wanki ne, tsumma da man gas, ya goge tsohon giris tas, don a cewarsa giris da ya haɗu da yashi ya fi rashin giris ɓarna, cin ƙarfe yake yi a ɓoye. Sai ya share bakin 'yan ƙofofin giris da yatsa, ya ɗora famfo, ta sama mai ciyar da haƙoran giya, ta ƙasa mai ciyar da zaren, ya yi ta matsawa har baƙin ya fito sabon ya biyo bayansa. Daga nan sai murɗawa, sama, ƙasa, sama, ƙasa, kunnensa manne a jikin ƙarfen. In ya ji ƙara komai ƙanƙantarta, an koma farko ke nan. A jikin bututun da ke leƙowa waje ɗan shafawa kawai yake yi, ya ce wanda ya lafta giris a waje ƙura ya gayyata. Da sanyi ya kawo kai sai ya canza mai kauri da mai laushi, kada ya daskare. Hatta katakan da yake shimfiɗa wa ƙafafun a ƙasa nasa daban ne, ya ƙona musu harafin sunansa, kuma ya fi son ka ari rigarsa da ka ari ɗaya daga cikinsu.

Da a gidansa kawai abin ya tsaya da da sauƙi. Sai ka tashi da safe ka ga ƙafafun mutum sun leƙo daga ƙarƙashin gidanka.

"Fedora!" haka zai ƙwala mini kira daga can ƙasa. "Ƙafar gidanki tun daga Rovigo take kuka, ba ki da kunne ne?"

"Ba kuka ba ne, waƙa take yi. Fito mini daga ƙarƙashin gida, ƙazami."

"To ranar da ta kifar da ke da hanci sai ki yi mata amshi. Miƙo tsumma, uwar ƙudaje."

Kuma sai na miƙa, in haɗa masa da kofi. Ban taɓa gode masa ba, shi ma da na gode da ya ɗauka ba ni da lafiya.

Abin da ya fi daɗin kallo a wurinsu shi ne daidaita gida. A wajenmu wannan aikin mata da miji ne. Miji yana waje da hannun murɗawa, mata tana ciki ta zuba ruwa a faranti ta ɗora a tebur, tana duban inda ruwan ya karkata tana faɗa ta taga. Namiji ba shi da ta cewa a nan, abin da aka ce masa shi zai yi. Nerina da farantin nan mai shuɗin layi take nata, surukarta ce ta ba ta shi hannu da hannu. In sun iso gari, ko masu kafa rumfa sai sun ɗan dakata don su ji.

"Gaba, hagu! Sauke!"

"Na sauke."

"Ka sauke ko ka shafa ta? Sauke dai, maigida, ba za ta cije ka ba."

"Ke dai ba a iya miki."

"Ya isa. Na ce ya isa, kurma! Mayar da rabi. Yauwa. Koma baya, hagu."

"Kullum hagu, kullum hagu. Dama ba ta da laifi ne?"

"In ka fi ni gani, shigo ka riƙe farantin, ni in fita in murɗa."

Alamar an gama ita ce ƙofar ɗakin kwana. Da Nerina ta ce ya yi, sai ƙofar ta taho a hankali ita kaɗai, ta rufe, ƙit. Ermete na jin wannan ƙarar daga waje sai ya zare hannun murɗawa, ya goge shi, ya dubi duk wanda ke kusa yana hura hanci.

"Kun ji ko? Ƙofa ma ta shaida. Duk filin nan babu gidan da ya kai nawa zama daidai."

Muka yi ta jin wannan alfahari shekara arba'in da ɗoriya, ba wanda ya taɓa musa masa, don mun san ba riba.

Sau ɗaya na taɓa kasancewa a ciki ana wannan aikin. A Legnago ne, ruwan sama ya tare ni a gidansu ina taya ta fere dankali. Na ga ta zuba ruwa a farantin, sannan ta ɗauko ɗan cokalin shayi ta cusa mariƙinsa ƙarƙashin gindin farantin ta ɓangaren hagu, kafin ta leƙa taga.

"Yaya, wannan cokalin fa?"

"Teburin ne ya ɗan karkace," ta ce, ko kallona ba ta yi ba. "Ke dai yi ferarki, kina zubar da rabin dankali a ɓawo."

Na yarda, don me zai sa in ƙi yarda? Tebur a gidan da ke yawo bisa hanya, ai karkacewarsa ba labari ba ce. Na ci gaba da fera, maganar ta fita daga kaina.

Zamani ya yi ta canzawa muna kallo. Sababbin gidaje suka zo da ƙafafu masu aiki da mai, a danna maɓalli su sauka da kansu, su daidaita da kansu, ba mai leƙowa ta taga, ba mai zagin wani. 'Yarsu tilo, Mirka, ta auri Tiziano mai motocin wasan karo, yaro mai hankali da ladabi, irin wannan gida gare su. Da yaransu suka isa makaranta sai suka kama ɗaki a bene a Rovigo, can suke cin sanyi. Ermete yakan zagaya gidan surukin nasa ya leƙa ƙafafun ya taɓe baki, ya ce ƙafar da ba ka murɗa ta da hannunka ba, ta yaya za ka san ranar da take ciwo? Tiziano sai ya yi dariya ya ce gaskiya ne Baba, ya wuce.

Nerina ta rasu a bikin ƙarshe na wata kaka, kusa da Ferrara. Ciwon zuciya ne. Da safe tana yi mini faɗa a kan na bar mata tukunya ba wanki, kafin azahar an tafi da ita asibiti, ba ta dawo ba. Har yau in na tuna tukunyar nan sai in ce da ma na wanke mata ita. Allah ya ji ƙanta.

Ermete bai iya tuƙi ba bayan jana'iza. Tiziano ne ya ja gidan zuwa filinmu na Bergantino, ya ajiye shi a kan daɓen simintin da Ermete ya zuba da hannunsa tun suna sabon aure, inda gidan ke tsayawa duk sanyi. Da yake ba mai riƙe faranti, sai ya ɗauko lebur irin na magina, mai ɗan kumfa a tsakiya, ya ɗora a ƙasan ɗakin, ya murɗa ƙafafun har kumfan ya zauna cif. Aiki ya yi mai kyau, ba zan ci haƙƙinsa ba.

Washegari Ermete ya ƙwanƙwasa mini ƙofa, idanunsa jajur.

"Gidan nan a karkace yake."

"Haba Sarkin Giris, a gabana aka auna."

"Na ce miki a karkace yake. Ina kwanciya sai in ji ana tura ni waje. Ƙofa ma ta ƙi rufuwa."

Aka kira Tiziano ya zo da lebur, ya auna tsawo, ya auna faɗi, ya nuna masa kumfan. Ermete ya duba ya kau da kai. Bayan 'yan kwanaki ya sake cewa a karkace yake, aka sake aunawa. Na ce masa to ya fita ya murɗa da kansa yadda yake so mana. Ya dube ni wani iri, ya ce, "Wa zai ce mini ya isa?" Ban sake kawo wannan shawarar ba.

Wannan sanyi ya yi mana tsawo. Ermete ya faɗo daga gado ya fasa goshi, daga nan ya daina hawa gadon, ya koma kwana a kujera da bargo, in ma kwanan yake yi. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Polenta, tuwon masararmu, da nake kai masa sai in dawo in tarar ta sandare a kwano. Famfon giris yana rataye a ƙusa, gizo-gizo ya yi saƙa a kansa. Likita ya ce baƙin ciki ne da tsufa, wai tsofaffi sukan ji ƙasa na juya musu. Mu ma duk haka muka ɗauka. Ni kaina na ce a raina, shi ke nan, kan mijin yayata ya fara taɓuwa, na shiga ɗakina na yi kuka.

Mirka ta zo wata Lahadi ta zauna a gabansa ta riƙe hannayensa.

"Baba, ba zan iya barin ka a nan ba. Jiya goshi, gobe kuma ƙugu. Ka zo Rovigo, ga ɗaki mun gyara maka, ga jikokinka. Gidan nan a sayar da shi kafin Ista."

Ba zan ga laifinta ba, tsoro ne ya kama ta, kuma uban kaɗai ya rage mata. Amma na san 'yan lilo da yawa da aka hayar da su bene. Sukan zauna a bakin taga suna kallon motoci, in Ista ta zo suka ga babu inda za su, sai su fara lissafin tafiya ta daban. Na zaci Ermete zai yi tsalle ya dire, ya ce sai dai a fitar da gawarsa. Sai kawai ya ce, "To." Wannan "to" ta fi faɗuwarsa daga gado tsorata ni.

Aka sami masu saye, wani saurayi da amaryarsa daga wajen Mantova, masu rumfar wasan harbi. Suka zo da hazo ya fara ɗagawa, suka duba ciki, amarya ta yaba labule. Saurayin ya zagaya baya, ya zura hannun murɗawa a ƙafa ɗaya, ya ɗan juya. Ƙarfen ya yi wani ƙiii mai tsawo, har karnukan fili suka ɗaga kai.

"Kai, Baba," ya ce, ba da wata manufa ba, "ƙafafun nan sun sha wuya. Mai gidan bai damu da giris ba, ko?"

Na dubi Ermete. Jini ya hau masa fuska har kunnuwa, rabon da in ga launi a fuskar nan tun kaka. Sai da suka tafi ya juyo ga Tiziano.

"Gobe ka kawo kan mota. Ba zan miƙa wa kowa gida yana kuka ba."

Da safe ni da Mirka muna ciki muna naɗe tangaran a tsofaffin jaridu muna jerawa a kwali. Ermete yana waje da bokitin man gas da tsummokara. Tiziano bai gama ɗumama kan mota ba, don haka Ermete ya fara da wanki, gidan yana tsaye yadda aka ajiye shi. Muna jin sa yana gurnani yana zagin tsatsa, Mirka ta dube ni ta ɗan yi murmushi. Can sai ya ɗaga murya.

"Tiziano! Zo nan."

Na leƙa ta taga, farantin nan mai shuɗin layi yana hannuna, ban kai ga naɗe shi ba. Ermete yana durƙushe a gaban ƙafar gaba ta hagu. Ya wanke bututun fes, sai ga wani zobe a jikin ƙarfen, layi siriri da ya ci ciki, wanda man gas ba ya gogewa. Shekara da shekaru ƙafar tana tsayawa wuri ɗaya a kan daɓe ɗaya duk sanyi, bakin bututun sama ya yi mata shaida.

"Ka ga wannan? Nan ƙafar take tsayawa. Yanzu dubi inda ka tsayar da ita. Yatsa biyu ka ƙara mata."

Suka zagaya. Ta baya ta hagu ma haka, zobenta ya leƙo da yatsa biyu. Na dama kuwa duka biyun zobensu yana daidai bakin bututu.

"Na gaya muku a karkace yake, kuka mai da ni mahaukaci!"

"Baba, wallahi abin da lebur ya nuna na bi," in ji Tiziano. "Sai dai in daɓen ne ya motsa."

"Daɓen da na zuba? Auna shi!"

Tiziano ya ɗora lebur a daɓe, kumfa ya zauna a tsakiya. Ya juya shi ya sake ɗorawa, haka. Ya shigo ya ɗora a ƙasan ɗaki, haka. Suka tsaya suna kallon juna. Daɓe daidai, gida a yanzu daidai, amma zobe ya ce duk shekarun nan ɓangaren hagu ya fi ƙasa da yatsa biyu.

A nan ne na dubi farantin da ke hannuna, sai ruwan Legnago ya dawo mini, da ƙanshin ɓawon dankali.

"Tiziano," na ce, "ɗora abin nan naka a kan tebur."

Ya ɗora. Kumfa bai ko motsa daga tsakiya ba. Teburin da aka ce mini ya karkace, lafiyarsa ƙalau.

Na zauna. Ermete ya hawo matakala ya tsaya a bakin ƙofa, man gas na ɗiga daga hannunsa. Na gaya musu abin da na gani a ranar, cokalin shayi, da ɓangaren da ta cusa shi, da amsar da ta ba ni. Na jawo aljihun tebur na ɗauko cokali na nuna musu yadda ta yi.

"Ban gane ba," in ji Mirka. "Da gangan Mama take karkata gidan? Don me?"

Ermete ya wuce mu ya je ya tsaya a ƙofar ɗakin kwana, wadda ke buɗe tun kaka. Gadon yana nan a gyare. Hagu jikin bango, nan ne wurin Nerina. Shi a bakin gado yake kwana, ta dama. Ya daɗe yana kallo.

"Duk safiyar duniya a jikinta nake farkawa," ya ce a hankali. "Ko mun yi faɗa, ko na kwanta na juya mata baya na rantse ba zan kula ta ba, gari na wayewa sai in gan ni a jikinta. Sai ta ce, ka gama fushin? Ni duk zatona ni ke zuwa da kaina."

Ya yi wata 'yar dariya, ta sarƙe shi a tsakiya. Ya kai bayan hannu ya goge ido, ya bar baƙin layi daga hanci har kunne.

"Munafuka. Shekara arba'in ina cika wa mutane baki, ashe gidana ne mafi karkata a filin nan."

Mirka ta rufe fuska da jaridar da ke hannunta. Ni ma hawaye nake, amma na ce masa, "Ai da ma mun san akwai abin da ya karkace a gidan nan, mun ɗauka kai ne."

"Rufe mini baki, uwar ƙudaje," ya ce. Rabon da ya kira ni haka tun ranar jana'iza.

Tiziano ya ce bari ya sauke hagun yanzu yanzu, ai aikin minti kaɗan ne. Ermete ya daka masa tsawa, ya ce ba mai murɗa masa ƙafa a bushe. Sai da aka shigar da kan mota ya karɓi nauyi, ya bi ƙafafun nan ɗaya bayan ɗaya yadda ya saba, wanki, famfo, baƙi ya fita sabo ya biyo, sama, ƙasa, kunne a jikin ƙarfe. Ya huta ya fi a ƙirga, amma bai bari an taya shi ba. Rana ta take tsaka kafin ya gamsu. Ya gyara katakansa, ya sauke ƙafafu, aka zare kan mota. Sannan ya tsaya a ƙarƙashin taga da hannun murɗawa, yana jira.

Na zuba ruwa a farantin na ɗora a tebur. Na ɗauki cokalin zan cusa, sai na fasa, na miƙa wa Mirka.

"Inna Fedora, ni ban iya ba. Ban taɓa yi ba, namu da maɓalli ne."

"Cusa ta hagu. Ki dubi ruwa, ki dubi shuɗin layi. In sun haɗu ko'ina, ki ce ya isa. Kuma ki ɗaga murya, ubanki kurma ne."

Ta cusa cokalin, ruwa ya gangara dama. Ta leƙa taga.

"Gaba, hagu. Sauke, Baba."

"Na sauke."

Ta dubi farantin, ta dube ni. Na ɗaga mata gira.

"Ka sauke ko ka shafa ta?"

Daga waje ƙarfe ya ci gaba da juyawa lumui, ba ƙara ko kaɗan. Muryar Mirka in ta ɗaga ta, ta uwarta ce sak, ban taɓa lura ba sai ranar. Suka koma baya, ya sauke, ta ce ya mayar da kaɗan, ya mayar. Ruwa ya zagaye shuɗin layin daidai.

"Ya isa!"

Duk muka juya. Ƙofar ɗakin kwana ta ɗan motsa, ta taho a hankali, ta rufe, ƙit.

Ermete ya zare hannun murɗawa, ya goge shi, ya rataye a mazauninsa. Wannan karon bai yi wa kowa alfahari ba. Ya shigo ya wanke hannu iyakar wankuwarsa, ya ci polenta da cuku har ya nemi ƙari, sannan ya ce zai ɗan miƙe bayansa. Ya shiga ɗaki, ƙofa ta bi bayansa ta rufe.

Muka zauna mu uku a tsakanin kwalaye. Da aka jima Mirka ta tashi ta tura ƙofar kaɗan, ta yafito ni da hannu. Ya kwanta a bakin gado ta dama kamar kullum, amma barci ya riga ya gangara da shi. Yana can jikin bango, fuskarsa a matashin Nerina, baƙin hannunsa a kai, yana jan minshari.

Mirka ta saki ƙofar ta rufe kanta. Ta ce wa mijinta a hankali ya kira mutanen Mantova ya ba su haƙuri, an fasa sayar da gidan. Ta durƙusa gaban kwali, ta fara warware tangaran daga jarida tana miƙo mini, ina mayarwa cikin kabad. Da muka zo kan farantin, ta zubar da ruwan, ta goge shi, ta sa cokalin a ciki, ta ce in ajiye su kusa, bayan Ista za ta buƙace su a Adria.